Ido ya turo waje: wane hoto, wane magani, wace hanya daga Garwa, Marwa da Njamena

Kwarmin ido rami ne na ƙashi, mai faɗi daga gaba, mai tsukewa daga baya kamar mazurari. Ƙasusuwa 7 ne suka haɗu suka yi shi, kuma a wurin babban mutum cikinsa bai wuce mililita 30 ba. A ɗan wannan wuri ƙwayar ido take zaune, tare da tsokoki 6 masu juya ta, da jijiyar gani da ke wucewa ƙwaƙwalwa, da kitse, da hanyoyin jini, da ƙullin da ke samar da hawaye. Ƙashi ba ya matsa wa kowa. Duk abin da ya tsiro a ciki, ƙari ne ko ƙurji ko kumburi, ba shi da inda zai sami sarari sai ya turo ido gaba. Shi ya sa cututtuka masu yawa, waɗanda maganinsu bai ko yi kama ba, suke zuwa da fuska ɗaya: ido ya bulluƙo, fata ta kumbura, mutum yana ganin abu ɗaya biyu.

A wajenmu, daga Gaundare har Kusiri a arewacin Kamaru, da ƙetaren gada zuwa Njamena ta Chadi, wahalar ba ta tsaya ga ciwon ba. Kuɗin jinya sau ɗaya suke haɗuwa. An sayar da sa, ko buhunan masara, ko dangi sun yi karo-karo, kuma in suka ƙare a hoton da bai dace ba, ko a tafiyar da ba ta kai inda maganin yake ba, da wuya a sake tara irinsu. Likitan ido ne mai yanke hukunci, amma mai jinyar da ya san abin da ya kamata a fara biya da abin da zai iya jira ya fi iya tambaya, kuma ya fi wuyar ɓacewa a hanya.

Shekarun mai ciwo da saurin ciwo

Kafin a biya ko dala, abu biyu ne suke raba hanya: shekarar mai ciwon nawa, kuma tun yaushe idon ya fara fitowa.

Yaro ɗan shekara 6 ko 7 da idonsa ya turo cikin mako biyu ba ya jiran ranar kasuwa. Idan da zazzaɓi da zafi da ja, musamman bayan mura, galibi ƙwayoyin cuta ne suka tsallako daga kogon hanci, kuma maganinsa kwanciya a asibiti da allurai ta jijiya. Idan babu zazzaɓi, ko an yi kwana biyu ana allura abin sai gaba yake yi, to a fara zargin daji. Uku ne suka fi taɓa yaranmu. Akwai dajin Burkitt, wanda likita Denis Burkitt ya bayyana a 1958 daga yaran Yuganda. Yana bin yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, yana kama muƙamuƙi da kwarmin ido da ciki, har haƙoran yaro su fara girgiɗa, kuma ƙwayoyinsa kan ninka cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Akwai dajin tsoka mai suna rabdomiyosarkoma, wanda ya fi kama 'yan ƙasa da shekara 10, kuma da farko yana kama da buguwa, iyaye su ce ai wasa ne ya yi da 'yan'uwansa. Sai retinoblastoma, mai farawa a cikin ƙwayar idon yara 'yan ƙasa da shekara 5. Alamarsa ta farko ɗigon fari ne a tsakiyar baƙin ido, mai ƙyalli da dare ko a hoton waya, wani lokaci da harara-garke. Kafin ya kai ga turo ido, ya riga ya fasa ƙwayar ya fito.

Babba kuwa labarinsa daban. Abin da ya fi turo idon manya ma ba ƙari ba ne, ciwon ƙullin maƙogwaro ne, dangin maƙoƙo: fatar ido ta janye sama, mutum yana rama alhali yana ci, zuciya na bugawa da sauri, hannu na rawa. Gwajin jini ne ke kama shi. Idan ƙari ne, kuma ya ɗauki shekara biyu ko uku yana turowa ba zafi, yawanci ba daji ba ne. Yana iya zama dunƙulen jijiyoyin jini mai rufi a bayan ido, ko ƙarin ƙullin hawaye, ko majinar da ta toshe a kogon goshi ta kumbura ta danno ido ƙasa, ko ƙarin rufin ƙwaƙwalwa da ake kira meninjiyoma, wanda ya fi kama mata masu matsakaicin shekaru. Dattijo mai tauri a gefen ido ba ciwo, a yi tunanin limfoma, wato dajin ƙwayoyin garkuwar jiki. Matar da ta taɓa fama da dajin nono ta faɗa wa likita tun kafin ya tambaya. Wanda kuma nasa ya fara da ɗan farin tsiro a kan farin ido, kusa da baƙin, ya yi ta yaɗuwa, wannan dajin fatar ido ne mai alaƙa da zafin rana da cutar ƙanjamau, kuma gwajin ƙanjamau yana cikin maganinsa, ba zargi ba ne.

Ga abin da za a iya yi a tsakar gida. A zaunar da mai ciwon a kan kujera, ka tsaya a bayansa, ya ɗaga kai kaɗan, ka leƙo ta saman goshinsa zuwa kumatu. Idon da ya turo zai riga ɗan'uwansa bayyana. A ɗauki hoto da waya daga gaba da kuma daga nan saman, a maimaita duk mako a wuri ɗaya. A nemo tsohon katin shaida ko hoton biki, domin hoton shekara uku da suka wuce yakan faɗa wa likita abin da mai ciwon ya manta. A asibiti da ɗan ma'auni mai madubi ake aunawa, kuma bambancin da ya wuce milimita 2 tsakanin idanu abin bincike ne.

Eko, sikana da IRM

Eko, wato injin nan na awon ciki, shi ne mafi araha. A shafa mai a kan rufaffiyar fatar ido, a ɗora kan injin, cikin mintuna an gama. Babu haske mai illa, babu allura, yaro ba sai an sa shi barci ba. Yana nuna abin ruwa ne ko nama, jini na gudana a cikinsa ko a'a, kuma a retinoblastoma yana kama ɗigon alli da ke cikin ƙarin, wanda babbar shaida ce. Amma ba ya kaiwa can ƙuryar ramin, ba ya faɗin halin ƙashi, kuma kyawunsa yana hannun mai riƙe shi. Wanda ya ƙware a duba masu juna biyu ba lallai ya saba da ido ba.

Sikana hasken eksire ce mai fitar da hoto sala-sala, kuma a kan ƙashi babu na biyunta. Ƙarin da ya daɗe yana girma a hankali yakan lotsa ƙashi ya bar shi sumul, daji kuwa cinye shi yake yi ya bar gefensa a zaizaye, kuma sikana tana nuna wannan ƙarara. Tana nuna kogunan hanci da goshi da ke maƙwabtaka da ido, inda matsaloli da yawa suke farowa. Mintuna kaɗan take ɗauka, don haka yaro mai rigima ma sau da yawa ana iya lallaɓa shi. Ana samun ta a manyan biranen arewa da Njamena. Illarta ita ce hasken, wanda ba a son yawaita wa ƙananan yara. Abu biyu nake so mai jinya ya duba a takardar likita kafin ya biya. Na farko, a rubuta cewa hoton kwarmin ido ake so. Sikanar kai ta gama-gari yankanta mai kauri ne, tana iya tsallake ƙaramin ƙari, sai a sake biya. Na biyu, a ga ko an nemi allurar da ke haska ƙari. Ita tana ƙara kuɗi, kuma ana neman gwajin ƙoda kafin a yi ta, amma hoton ƙari ba tare da ita ba rabin aiki ne.

IRM, wanda a Najeriya ake ce wa MRI, hoton maganaɗisu ne, ba shi da hasken eksire. A kan nama mai laushi ya fi sikana nesa ba kusa ba: yana raba jijiyar gani da rufinta, yana leƙa ƙuryar rami, yana nuna ko ƙarin ya ratsa zuwa ƙwaƙwalwa. Sai dai ya fi tsada sosai, ya fi ƙaranci, kuma mutum zai kwanta minti 30 zuwa 45 a cikin bututu mai ƙara ba motsi. Ƙaramin yaro sai an sa shi barci, wanda ke nufin sai da ma'aikacin sa barci da ƙarin kuɗi. Duk wanda ƙarfe ya taɓa shiga idonsa ko jikinsa, mai walda ne ko maƙeri ko wanda ɓaraguzan harbi suka taɓa, ya faɗa tun daga ƙofa, domin maganaɗisun yana iya motsa ƙarfen. Haka mai batirin zuciya. Mata kuma su wanke kwalli tas kafin su shiga, yana ɓata hoton.

A ganina, ga yawancin masu wannan ciwo a arewa, sikanar kwarmin ido da allura ita ce ta fi biyan kuɗinta. IRM yana shiga gaba ne a wurare sanannu: gani yana raguwa alhali idon bai turo sosai ba, ko ana zargin jijiyar gani, ko za a yi aiki mai zurfi, ko retinoblastoma ne. A wannan na ƙarshe ana guje wa sikana in da hali, saboda kusan 4 cikin 10 na yaran nasu irin na gado ne, kuma irinsu hasken eksire yana ƙara musu haɗarin wani dajin daga baya. Kada kuma a yi gaban kai a biya IRM kafin a ga wanda zai yi aikin. Shi ya san abin da yake son gani, kuma hoton ƙari mai sauri da ya yi wata biyu ya tsufa. Duk hoton da aka yi, a karɓi faifan da ledar hoton, ba takardar bayani kaɗai ba.

A tsira allura, a yanko kaɗan, ko a ciro duka

Hoto yana nuna wuri da girma. Sunan ƙari kuwa sai an duba namansa a madubin likita, a ɗakin da asibitocinmu ke kira anapat. Allura siririya ta fi sauƙi da araha, kuma sau da yawa ta isa a gane Burkitt, amma abin da take zuƙowa kaɗan ne, wani lokaci sakamako ya dawo ba amsa. Yanko ɗan yanki ya fi tabbas, shi ake yi wa limfoma da dajin tsoka, waɗanda dama ba wuƙa ce maganinsu ba. Ciro ƙari gaba ɗaya kuwa gwaji ne da magani a lokaci guda, ga masu rufi irin dunƙulen jijiyoyin jini.

Akwai waɗanda taɓa su da allura ko yankar gefensu ɓarna ce. Retinoblastoma ba a huda shi, hudawa tana watsa shi. Ƙarin ƙullin hawaye mai girma a hankali ana so a ciro shi da rufinsa cif, domin in ya fashe yakan dawo bayan shekaru, wani lokaci da mugun hali. A wuraren kiwo ana samun ƙullin ruwa na tsutsar karnuka a bayan ido, wanda in ya fashe ruwansa yana iya tayar da jiki farat ɗaya kuma ya shuka wasu. Wani kumburin ma na jijiyar jini ne, ko rufin ƙwaƙwalwa ne ya leƙo ta ɓular ƙashi. Wannan kaɗai ya isa dalilin hana wanzami yin sakiya ko tsaga a kumburin ido, komai ƙwarewarsa a wani wurin.

Wata ɓarnar a teburin masu magani na kasuwa take. Ƙwayoyin deksa da ire-irensu suna saɓe kumburi cikin kwanaki, har a ce an warke. Limfoma da Burkitt suna lafawa da su na ɗan lokaci, sannan su dawo, kuma in an yanko nama a wannan tsakani likitan anapat yana iya rasa abin da zai gani. In an riga an sha, a faɗa.

Naman da aka ciro a ruwan fomalin ake sa shi nan take, a rubuta suna a jikin kwalbar. Daga arewa sau da yawa kudu ake aika shi, kuma Cibiyar Pasteur da ke Yawunde, mai reshe a Garwa, tana cikin masu wannan aiki. Sakamako kan ɗauki makonni. Babba mai ƙarin shekara biyu zai iya jira. Yaro mai ƙarin mako biyu ba zai iya ba, shi gara a yanko a inda za a fara masa magani. Kuma kada a yarda a ciro wani abu daga ido a jefar ba a gwada ba, ko da mai aikin ya ce da gani ya san ko mene ne.

Wuƙa, shimiyo da gashi

Mutane sun fi yarda da tiyata, saboda ana ganin abin da aka ciro. Amma mafi munin ƙarin yara ba nata ba ne. Burkitt da maganin daji na ruwa ake kashe shi, wanda a nan muke ce wa shimiyo, a Najeriya kemo. Magunguna ne tsofaffi irin siklofosfamid da binkiristin da metotireksat, kuma kumburin da ya rufe rabin fuska yana iya saɓewa cikin mako guda. Nan haɗarin yake: iyaye su ga yaro ya dawo daidai, ga gona tana jira, sai su tafi ba a gama zagayen ba, ya dawo da ƙarfin da ba ya jin magani. Dajin tsoka a da kwashe kwarmin ido ake yi dominsa. Daga shekarun 1970 aka koma haɗa shimiyo da gashi, wato ƙona daji da haske mai ƙarfi na inji, kuma a asibitocin da suke da kayan aiki sama da 9 cikin 10 na yaran da nasu bai wuce kwarmi ba suna rayuwa, da yawa da idonsu. Limfomar dattijai tana jin gashi sosai. Jan tabon jini na jarirai kuwa, tun 2008 aka gano maganin hawan jini mai suna furofanolol yana motsar da shi, a ƙarƙashin kulawar likita.

Gashi ba zama ɗaya ba ne. Kwana 5 a mako ake zuwa, makonni a jere, don haka kuɗin masauki da abinci sukan kamo kuɗin injin. Yana iya barin bushewar ido da yana, kuma a ƙaramin yaro yana rage girman ƙashin wannan gefen fuska.

Tiyata kanta hawa-hawa ce, kuma ya kamata a tambayi likita wacce yake nufi. Akwai ta ciro ƙari a bar ido, ta cikin fatar ido ko ta gefen ƙashi. Akwai ta cire ƙwayar ido a bar fata da tsokoki, a sa ɗan dunƙule a gurbin, daga baya a ɗora idon roba wanda mai wucewa ba zai gane ba. Sai kwashe kwarmi gaba ɗaya, har da fata wani lokaci, wadda ake yi in daji ya cika ramin. Tazarar da ke tsakanin ta biyu da ta uku sau da yawa watannin da aka ɓata ne a gida. Wani lokaci kuma mafi kyawun zaɓi shi ne kada a taɓa: ƙaramin ƙari mara daji da bai dami gani ba ana iya sa masa ido da awo lokaci-lokaci, domin aiki kusa da jijiyar gani yana da nasa haɗarin.

Cire idon yaro shi ne inda iyalai suka fi tsayawa. Na taɓa jin wata uwa a barandar wani asibiti, da yarinya goye a bayanta, tana ce wa wanta: "Yaya, in na koma da ita ido ɗaya, me zan ce wa dangin ubanta?" Ya daɗe yana juya hularsa a hannu kafin ya ce: "Ki bar ni da su. Likita ya ce wannan idon ba ya gani tun tuni, ɗayan muke tsarewa, da ita kanta." Abin da ya faɗa yana da lissafi a bayansa. Wani babban bincike da aka wallafa a 2022, kan yara 4,064 daga ƙasashe 149, ya nuna cewa bayan shekara 3 sama da kashi 99 cikin 100 na masu retinoblastoma suna raye a ƙasashe masu arziki, amma a ƙasashe matalauta kusan kashi 57 ne. Babban abin da ya raba su shi ne matakin da ciwon ya kai kafin a zo.  In an tabbatar da shi a yaro ɗaya, a kai ƙannensa a duba su.

Kudu, Najeriya, ko a zauna gida

Zama gida yana da hujja fiye da yadda ake zato. Asibitocin jiha na Garwa da Marwa da Gaundare, da manyan asibitocin Njamena, sun isa a yi awon ido, da gwajin jini, da eko da sikana, a yi maganin ƙurjin kwarmi, a kama ciwon maƙogwaro. Wanda ya tsallake wannan mataki ya kama hanya da ido kumbure ba takarda ba hoto, can ma daga farko za a fara masa, a garin da kwana ɗaya yake cin kuɗin mako. Abin da ba a cika samu a kusa ba shi ne likitan da aikin kwarmin ido ya zama sana'arsa, da anapat mai sauri, da gashi.

Hanyar kudu doguwa ce amma a shimfiɗe take. Daga Marwa zuwa Garwa kusan kilomita 200, daga Garwa zuwa Gaundare kusan 280, sannan jirgin ƙasa na dare ya ci sama da 600 zuwa Yawunde. A can akwai sashen dajin yara a Cibiyar Uwa da Yaro ta Gidauniyar Chantal Biya, kuma a Obak, bayan gari kaɗan, akwai asibitin ido na Magrabi da aka buɗe a 2017. Gashi kuwa, shekara da shekaru wanda aka rubuta wa shi a Kamaru Babban Asibitin Duwala yake dosa. Asibitocin Baptist na Mbingo da Banso sun daɗe suna maganin Burkitt, sai dai rikicin yankin Arewa maso Yamma ya sa hanyarsu ta yi wa ɗan arewa nauyi. Ribar kudu ita ce kuɗi ɗaya ne, takardu da Faransanci ɗaya ne, likitan da ya tura ka da wanda ya karɓe ka suna iya magana a waya. Ga kuma masauki: Bahaushe ba ya rasa wanda ya sani a Birketeri ta Yawunde ko Niyu Bel ta Duwala.

Najeriya tana jan mutanenmu saboda dalilai masu ƙarfi. Yola ta fi Gaundare kusa da Garwa. A Kano akwai asibitin ido na ECWA, wanda yake aiki tun 1943, da asibitin koyarwa na Aminu Kano. A Kaduna akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa, a Shika kusa da Zariya akwai sashen gashi na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello. Uwa za ta yi wa likita bayani da bakinta, ta ji amsa da kunnenta, ba tafinta, kuma a ciwon da ake neman yardar iyaye a cire ido wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma akwai iyaka da shingaye, akwai canjin sefa zuwa naira, takardun Faransanci sai an fassara ko a sake gwaji, kuma hanyoyin da suka bi ta Banki ko Gamboru zuwa Maiduguri sai an tambayi halin tsaro a ranar tafiya. Yajin aikin likitoci ma yana iya riskar mutum a tsakiyar magani.

Ɗan Chadi zai iya yin hoto da tiyata da shimiyon yara a Njamena, inda Asibitin Uwa da Yaro yake. Gashi ne ke fitar da shi. Lokacin da hukumar makamashin nukiliya ta duniya ta ƙaddamar da shirinta na taimakon maganin daji a 2022, Chadi tana cikin ƙasashen farko da aka sa, saboda ba ta da injin. Kamaru ta fi masa sauƙin kuɗi da harshen takarda, tun da sefa ɗaya ce, ko da yake hanyar Kusiri zuwa Marwa ta Waza ba ta da daɗi.

In ni za a tambaya, ba kusanci nake fara dubawa ba. Ina duba matakin ƙarshe na maganin. Yaron da ake zargin daji a kai shi kai tsaye inda sashen dajin yara yake, cikin kwanaki, ko da hoton bai cika ba. Wanda maganinsa zai ƙare da gashi ya nufi garin da injin yake, kuma a buga waya a tabbatar yana aiki a wannan makon, domin injinan nan a ko'ina suna tsayawa, layinsu kuma dogo ne. Babba mai ƙarin da ya daɗe, ganinsa lafiya, shi ne mai sararin tara kuɗi da neman hannun da ya saba, kuma yana da damar tambaya: "Likita, irin wannan aikin kuna yin sa a kai a kai, ko akwai inda ya fi?" Likitan kirki ba ya jin haushin wannan. Sannan a lissafa dawowa. Shimiyo zagaye-zagaye ne, bayansa ga awo na shekaru, don haka hanyar da iyali za su iya maimaitawa sau shida ta fi wadda za su iya sau ɗaya. A tambayi asibitin can ko akwai zagayen da za a iya yi a kusa da gida da takardarsu.

Duk hanyar da aka ɗauka, idon da ba ya rufuwa yana iya lalacewa kafin a isa, musamman a hunturu da ƙurar mota. A riƙa sa man ido na asibiti, irin tetirasaikilin, sau da yawa a rana da kuma kafin barci, a rufe da leda mai tsabta a manne gefenta da filasta ba tare da ta danne ƙwayar ba. Auduga ko ƙyalle busasshe suna goge baƙin ido, kada a ɗora su kai tsaye. A jaka ɗaya a haɗa faifan hoto, da ledar hoton, da sakamakon jini, da kwalayen duk maganin da aka sha har na gargajiya, da takardar turawa mai lambar wayar likitan da ya rubuta ta. In an riga an yi anapat, a roƙi ɗakin gwajin su ba da gilasan da dunƙulen kakin da naman yake ciki, domin asibitin can ya sake dubawa ba sai an sake yanka ba.